Taro ya yi yawa, aiki ya tsaya: a ina haɗa kai ke amfanar aikin ƙwaƙwalwa?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa a Jidda, wanda ke riƙe da sashe mai mutum 14 a wani kamfanin hidimar alhazai da masu Umara. A cikinsu akwai masu fassara, masu rubuta yarjejeniya da otal-otal da kamfanonin motoci, masu lissafin kuɗi, masu tsara jadawalin jirage da masauki, da mutum biyu da ke kula da manhajar kamfanin. Suna dawam, wato zaman aikin ofis, Lahadi zuwa Alhamis, takwas na safe zuwa huɗu na yamma, kuma suna da abokan hulɗa a Kano da Yamai. Ya ce bara mudirinsu, wato manajansu, ya sa an cire bangon ƙananan ofisoshi aka tara kowa a babban ɗaki ɗaya, ya ɗora taron minti 45 kowace safiya, aka buɗe guruf shida na WhatsApp, duk don a ƙara haɗin kai. Yanzu kowa ya san abin da kowa ke ciki, amma takardar da a da ke fita a kwana biyu sai ta yi huɗu, kuskure bai ragu ba, ƙwararrun cikinsu kuma sai bayan isha'i suke zama a gida su yi ainihin aikinsu. Ya rufe da cewa: "Shin haɗa kai ba ya ƙara wa irin aikinmu komai ne, ko mu ne ba mu iya ba?"

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa. Haɗa kai yana ƙara wa aikin ƙwaƙwalwa inganci, kuma ba kaɗan ba. Wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda ya bi takardun masana kusan miliyan 20 na tsawon shekara hamsin, ya nuna cewa aikin da aka yi tare ya fi na mutum ɗaya samun ambato wurin sauran masana, kuma tazarar ƙaruwa take yi. Sai dai amfanin yana da gaɓoɓinsa, guda huɗu: lokacin yanke abin da za a yi, lokacin da mutum ya cije ya rasa mafita, lokacin duba aikin da aka gama, da lokacin miƙa shi ga wani. Abin da ke tsakanin gaɓoɓin nan, wato rubutun kansa da lissafin kansa da fassarar kanta, yana son mutum ɗaya, kai a sunkuye, awa biyu ko uku ba wanda ya taɓa shi. A ofishinku an shimfiɗa haɗuwa ne a kan yinin baki ɗaya. Ta cinye lokacin aiki, sannan a wurare huɗun da ake bukatarta ba ta yi zurfi ba.

Kuskuren mudirinku na mai kyakkyawar niyya ne, kuma mu Hausawa muna da saurin faɗawa cikinsa, domin mun taso da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gayya mutum ashirin kan gama a yini abin da mai gona zai yi makonni yana fama da shi, saboda dalili biyu: kunyar wannan ba ta jiran kunyar wancan, kuma duk wanda ya yi sanyi ana hango shi a baya. Yarjejeniyar otal ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Sharaɗin soke ɗakuna ya rataya a kan sharaɗin biyan kuɗi, shi kuma ya rataya a kan ranar saukar jirgi, dole kai guda ya riƙe su duka a lokaci ɗaya. Kuma in mutum biyar suka sa mata hannu, ba a gane wanda ya yi sanyi. Ko a aikin ƙarfi ma yawa yana da harajinsa. Injiniyan noma na Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa idan mutum takwas suka ja igiya tare, kowannensu kan ba da kusan rabin ƙarfin da yake bayarwa shi kaɗai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sanyin yana raguwa ƙwarai da zarar mutum ya san za a iya ware tasa gudummawar a gani. Don haka gyaran farko ba ya cin ko riyal ɗaya: kowace takarda ta fito da suna ɗaya a kanta, na wanda za a tambaya. Masu taimaka masa ko su goma ne, mai ita ɗaya ne.

Mu yi ɗan lissafi. Tsakanin mutum 14 akwai hanyoyin magana 91 in ka ƙirga kowa da kowa, wato ka ninka 14 da 13 ka raba biyu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, shi ya shahara da wannan lissafi a 1975, yana bayanin abin da ya sa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara ke ƙara masa makara. In ka raba sashenka gida uku, biyar da biyar da huɗu, hanyoyin cikin gida sun koma 26, ka ƙara uku na tsakanin shugabannin rukunonin, 29 ke nan. Ka raba su bisa abin da suke fitarwa, kada ka bi sana'a. Rukunin da ke fitar da yarjejeniya ya ƙunshi mai rubutawa da mai fassara da mai lissafi, don takarda ta fara ta ƙare a hannun mutanen da ke zaune kusa da juna. In ka tara masu fassara gefe guda, masu lissafi gefe guda, kowace takarda sai ta tsallake iyaka biyu ko uku, kuma a kowace iyaka sai ta kwana a layi. Galibin kwana huɗun nan da kake kuka da su, in ka bi takarda ɗaya daga shigowarta zuwa fitarta, za ka tarar jira ne, aikin da aka yi mata bai wuce 'yan awoyi ba.

Taron safiya kuwa, minti 45 sau mutum 14 sau kwana biyar, awa 52 da rabi ne a mako. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tsayar da makon ma'aikaci a awa 48, ka ga kuna biyan albashin mutum guda cur har da ɗoriya don a zauna a saurari juna. A Ramadan, da doka ta mayar da dawam ɗin Musulmi awa shida a yini ko 36 a mako, taron nan kashi ɗaya cikin takwas ne na yinin, kuma daga lokacin da kai ya fi sabo ake yankar shi. A maimakonsa kowane rukuni ya tsaya a tsaye minti goma, ƙarfe takwas da kwata, a faɗi abu uku kawai: me ya fita jiya, me zai fita yau, me ya tsaya kuma a hannun wa. Sashen baki ɗaya ya haɗu sau ɗaya a mako. Duk labarin da ba ya bukatar muhawara a rubuta shi, a daina tara mutane don karanta musu.

Babbar asarar ma ba a taron take ba, tana cikin katsewa. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta sun bi ma'aikatan ofis da agogo a hannu, suka wallafa a 2005 cewa mutum kan yi kusan minti 11 a kan aiki ɗaya kafin a katse shi ko ya katse kansa, kuma komawa kan aikin da aka katse kan ɗauki kusan minti 25, bayan ya ratsa ta wasu ayyukan. Mai fassara da ke riƙe da doguwar jimlar Larabci a kansa, ya san inda sharaɗi ya fara yana neman inda ya rufe, in ka ce masa "minti ɗaya, Malam", ya sauke kayan ke nan, sai ya sake ɗauka daga farko. Tambayar minti ɗaya ce a wurin mai yinta, rabin awa ce a wurin wanda aka yi wa. Shi ya sa ƙwararrunku suke aiki bayan isha'i, lokacin ne kaɗai ba mai kiransu, kuma iyalinsu ke biyan kuɗin. Cire bango bai ma kawo abin da aka cire shi dominsa ba a inda aka auna. Ethan Bernstein da Stephen Turban sun rataya wa ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu na'urar auna magana kafin a mayar da ofisoshinsu fili ɗaya da bayan an mayar, suka wallafa a 2018 cewa magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, saƙon rubutu kuma ya ƙaru. Mutum in ya san kowa na jinsa, sai ya toshe kunne ya koma rubuta wa maƙwabcinsa.

Ba sai an sake gina bango ba. Ku gina shi da agogo. Daga takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi ya zama lokacin shiru, aƙalla kwana uku a mako: ba taro, ba leƙe, ba kira, waya a aljihun tebur. Wannan lokaci ya dace da ku fiye da yawancin ofisoshi, domin Jidda tana gaban Kano da Yamai da awa biyu, shirunku ya faɗo ne tsakanin shida da rabi zuwa tara da rabi nasu, kafin ofisoshinsu su yi zafi. Daga sha ɗaya da rabi zuwa kiran azahar ƙofa a buɗe take, kowa ya kawo tambayoyin da ya tara a takarda. Taro da kiran Kano su koma bayan azahar. Amma shiru ba ya tsayuwa in ba mai gadinsa. Kowace rana mutum ɗaya, bi da bi, ya riƙe wayar sashen da guruf ɗin abokan hulɗa, shi ke amsawa, shi kaɗai ke da ikon katse wani. Kuma ku rubuta abin da ake kira gaggawa, don kada kowa ya kira tasa gaggawa: jirgi ya canza lokaci, alhaji ya tsaya a filin jirgi ko a ƙofar otal, biza ko izini zai ƙare yau, manhaja ta faɗi. Abin da ba ya cikin jerin zai iya jiran awa uku. Guruf shida su koma biyu, ɗaya na gaggawa wanda ake amsawa cikin minti goma, ɗaya na sauran magana wanda ake dubawa sau biyu ko uku a yini.

Kada a ɗauka muna cewa kowa ya kama gabansa. Bernstein ɗin nan, tare da Jesse Shore da David Lazer, sun yi wani gwaji a 2018 wanda ya fi duk sauran kusa da tambayarka. Sun ba rukunonin mutum uku-uku wata matsala mai wuya ta neman gajeriyar hanya tsakanin garuruwa da yawa. Waɗanda ba sa ganin aikin juna sam sun fi yawan kaiwa ga amsa mafi kyau, amma matsakaicin aikinsu ya yi ƙasa. Waɗanda ke ganin aikin juna koyaushe matsakaicinsu ya ɗaga, amma ba su cika kaiwa ga mafi kyau ba, domin da wuri suke kwaikwayon juna su taru a kan hanya ɗaya. Waɗanda ke rabuwa su haɗu, su sake rabuwa su haɗu, su suka haɗa riba biyun. Tsarin da ya dace da ku ke nan: a rabu a yi tunani, a haɗu a kwatanta, a sake rabuwa.

Yanzu ga gaɓar da ta fi kowace tsada, kuma a nan muke so ka fi sa ido: zaman yanke shawara. Dalilin tara mutum shida a kan batu ɗaya shi ne kowannensu ya san abin da sauran ba su sani ba. Abin takaici shi ne taro, in an bar shi ga ɗabi'arsa, abin da kowa ya riga ya sani yake juyawa. A 1985 Garold Stasser da William Titus sun ba rukunonin ɗalibai huɗu-huɗu bayanan 'yan takara uku, su zaɓi wanda ya fi cancanta. Inda kowa ya samu cikakken bayani, fiye da kashi 80 cikin 100 sun zaɓi daidai. Inda aka rarraba kyawawan halayen wanda ya fi cancanta, kowa ya riƙe guntu, waɗanda suka zaɓe shi bayan tattaunawa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali da kowa ya zazzage nasa a tebur da amsar ta fito fili. Abin da mutum uku suka sani ana faɗarsa a gyaɗa kai, mai faɗa ya ji daɗi. Abin da mutum ɗaya ya sani ba mai tabbatar masa, sai ya faɗa sau ɗaya a hankali, ko ya haɗiye.

A ofis irin naku akwai abu biyu da ke ƙara wa wannan nauyi. Na farko ladabi. Yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau da ba ma son a zubar. Amma yaron da ya je ya ga otal ɗin da idonsa, ya san lif biyu ne kacal ga hawa goma sha biyar kuma yawancin alhazan da za a sauke dattawa ne, in Alhaji babba ya riga ya ce otal ɗin ya yi, ba zai buɗe baki ba. Na biyu harshe. Wanda aka haifa a Makka ko Jidda yana gudu da Larabcin Hijaz, wanda ya yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya fi sakewa da fusha, wato Larabcin littafi, wanda ya zo daga Yamai da Faransanci yake lissafi, na Kano da Turanci. Duk harshen da taron ya karkata gare shi, masu shi ne za su cinye lokacin, ko da ba su suka fi sanin batun ba. Kafin wancan ya gama jera maganarsa a zuci, an wuce.

Maganin tsari ne, ba wa'azin a saki jiki ba. A tura tambayar a rubuce tun jiya, jimla ɗaya, misali "wane otal cikin ukun nan za mu ɗauka wa rukunin Ramadan". Da an zauna, minti goma na farko ba magana, kowa ya rubuta zaɓinsa da dalilinsa da harshen da ya fi masa sauƙi, a tattara. Wannan kaɗai yana warware matsalar da masanan Jamus biyu, Diehl da Stroebe, suka nuna a 1987, cewa mutanen da ke kawo shawara da baki a zama ɗaya ba sa kai waɗanda suka rubuta a ware yawan shawarwari, musamman saboda mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci ɗaya, masu jira suna mantawa ko suna fasawa. Sannan a fara jin ƙarami, a hau sama, shugaba ya zama na ƙarshe. Ta haka ba wanda ya saɓa wa babba, tunda babba bai riga ya yi magana ba, ladabi ya tsira, bayani ya fito. Mai jagorantar zaman ya tambayi kowa da sunansa: "me ka sani a kan wannan da ba ya cikin takardar nan?" Kada a wuce mutum shida, kada a gayyaci kowa don gudun ya ji haushi. A tashi da layi uku a rubuce cikin harshe ɗaya da aka amince da shi: abin da aka yanke, mai aiwatarwa, da rana.

Duk wannan ya dogara da abin da ke samun wanda ya kawo labari mara daɗi. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a wasu asibitocin Amurka a tsakiyar shekarun 1990, ta yi tsammanin sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su nuna ƙarancin kuskuren magani. Sai alƙaluma suka nuna su suka fi yawan kuskuren da aka rubuta. Da aka bi diddigi sai aka ga su ne ke iya faɗa, sauran ɓoyewa suke. Don haka in kuka gyara tsarinku, yawan kuskuren da ke zuwa teburinka zai fara hawa, kada ka firgita, kuma ka sanar da mudir tun kafin ya gani. Ranar da wani ya zo ya ce ya tura wa Kano farashin da ba daidai ba, yadda ka karɓe shi a minti na farko shi zai yanke ko na gaba zai zo maka ko zai jira abokin hulɗa ya gano. Ka fara da "me za mu yi yanzu", sannan "ta ina ya shigo", gyaran mutumin kuma ya zama ku biyu a keɓe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai ma'aikaci ya gani da idonsa sau biyu ko uku kafin ya yarda.

Dubawa tana son mutum ɗaya mai suna, wanda bai sa hannu a rubutun ba. Tura wa mutum biyar takarda su duba shi ne hanya mafi sauƙi ta samun takardar da ba wanda ya duba, kowa ya dogara da sauran huɗun. Mai dubawa ya samu asalin takardar tare da sabuwar, ya bi ta sau biyu, kowane bi da abin da yake nema. Na farko ma'ana da sharuɗɗa. Na biyu alƙaluma kaɗai: kuɗi da nau'in kuɗin, riyal ne ko dala ko naira ko sefa, yawan ɗakuna da darare, sunaye kamar yadda suke a fasfo harafi da harafi, da ranaku. Ranaku su suka fi cin mutane a aikinku. Kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta hukumar Saudiyya, lissafi ce, shigowar Ramadan da Zulhajji kuma da ganin wata ake tabbatar da ita, tana iya bambanta da kwana ɗaya, kuma Najeriya ko Nijar na iya bambanta da Saudiyya. Duk ranar Hijira a yarjejeniya a rubuta ta miladiyya a gefenta, a kuma faɗi wacce ke hukunci in sun saɓa. Kada zaman dubawa ya wuce awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, ido yana mutuwa. Ga masu manhajarku biyu, binciken da aka yi a kamfanin Cisco ya nuna cewa gano kuskure yana raguwa in abin da ake bita a zama ɗaya ya wuce layi 400 na rubutun manhaja, don haka su riƙa miƙa wa juna aiki ƙanana-ƙanana.

Miƙa aiki kuwa likitoci sun riga mu koyon darasinsa. Asibitoci tara na yara a Amurka da Kanada sun koya wa likitocinsu tsari ɗaya na miƙa majiyyaci a canjin aiki, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna kuskure ya ragu da kashi 23 cikin 100, cutarwar da za a iya kauce mata ta ragu da kashi 30, kuma lokacin miƙawar bai wani ƙaru ba. Abu biyar ne, kuma suna hawa aikinku daidai: girman haɗarin da ke cikin aikin, taƙaitaccen inda aka tsaya, abin da ya rage da mai yinsa, abin da za a yi in kaza ya faru, sannan mai karɓa ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Na ƙarshen shi ake yawan tsallakewa don kada a ce an raina mutum, kuma shi ke kama rashin fahimta. Wannan ya fi zafi ranar Alhamis. Ku kuna hutu Juma'a da Asabar, Kano da Yamai suna hutu Asabar da Lahadi, kwana huɗu ne kacal kuke haɗuwa, Litinin zuwa Alhamis. Tambayar da aka tura da la'asar ɗin Alhamis, in ba ta cika ba har aka maido da neman ƙarin bayani ranar Juma'a, sai Litinin za a ci gaba. Saƙon Alhamis ya fita kafin azahar, kuma ya zama cikakke har mai karɓa ba ya bukatar tambaya. Saƙon murya yana da daɗin gaisuwa da rarrashi, amma ba a iya laluben abin da ke cikinsa bayan wata biyu. Duk abin da ke da lamba, rana, ko farashi a rubuta shi.

Ka kuma nemo waɗanda nauyin taimako ya danne. Rob Cross da abokan aikinsa, bayan nazarin ma'aikatu fiye da 300, sun rubuta a 2016 cewa kashi 20 zuwa 35 na taimakon da ke da amfani yana fitowa ne daga kashi 3 zuwa 5 na ma'aikata. A sashe mai mutum 14 wannan bai wuce mutum ɗaya ba. Ka ce kowa ya rubuta a ɓoye sunan mutum uku da ba ya iya gama aiki sai ya tambaye su, za ka ga suna ɗaya a kusan kowace takarda, kuma mai yiwuwa shi ne mai aikin bayan isha'i. Ka ba shi awa ɗaya a yini ta amsa tambaya, sauran lokacinsa a kiyaye masa. Duk tambayar da aka yi masa sau uku a rubuta amsarta a fayil ɗaya da kowa ke iya buɗewa, tare da jerin kalmomin da kamfani ya tsayar a harsunan huɗu da samfurin yarjejeniyoyi. A haɗa shi da ƙarami ɗaya da zai gaje shi. Kuma a rage masa yawan takardun da ake ƙirga masa, domin zalunci ne a auna shi da ma'aunin wanda ba ya taimakon kowa.

In rukunonin sun zauna, a bar su su daɗe tare. Huckman da Pisano sun bi likitocin tiyatar zuciya a jihar Pensilbaniya da ke aiki a asibiti fiye da ɗaya, suka wallafa a 2006 cewa sakamakon likita yana kyau ne da yawan tiyatar da ya yi a asibitin da yake ciki, yawan da ya yi a wani asibitin ba ya biyo shi. Wani ɓangare na ƙwarewar mutum yana cikin sabonsa da mutanen da ke gefensa. Saboda haka kada a riƙa juya mutane kowane wata, kuma sababbin ma'aikata a ɗauke su a watannin da aiki ya lafa bayan alhazai sun koma gida. Wanda ka ɗauka a Zulƙida zai cinye lokacin ƙwararrenka a daidai makonnin da ba ka da wani kamarsa.

Akwai inda mudirinku yake da gaskiya, kuma ka fara da shi in za ka yi masa magana. A goman ƙarshe na Ramadan, da makonnin saukar jirage, da ranakun takwas zuwa sha uku ga Zulhajji, aikin yana canza kama. Ya zama gajere, mai sauri, kowane mataki ya rataya a kan abin da ya faru minti biyar da suka wuce. A nan ɗaki ɗaya, allo ɗaya, kowa na jin kowa, shi ne daidai, lokacin shiru kuma a ɗage shi. A rubuta ranar shiga wannan yanayi da ranar fita daga cikinsa tun farkon shekara, domin abin da aka saba shi ne a shiga a manta ba a fita ba.

Kada ka je masa da hujjar masana kaɗai, ka je da alƙaluman ofishinku. Mako biyu kafin a canza komai, ku rubuta abu huɗu: kwanakin da takarda ke yi daga shigowa zuwa fita, yawan takardun da abokin hulɗa ya maido don gyara, awoyin da kowa ya samu a yini ba a katse shi ba, da yawan saƙonnin aiki bayan an tashi. Sannan ka nemi izinin gwaji na mako shida a rukuni ɗaya, a watan da ba na cunkoso ba, ka kwatanta da sauran biyun. Mako biyun farko za a yi ƙorafi, masu saba samun amsa nan take za su ji an yi musu rowa, ka daure. Leslie Perlow ta gwada lokacin shiru da wasu injiniyoyin manhaja a shekarun 1990, safiya uku a mako. Yawancinsu sun ce aikinsu ya ƙaru, kayan da suke haɗawa ya fita a kan lokaci, amma da binciken ya ƙare sai suka koma gidan jiya, domin shugabanni ba su canza abin da suke yabawa ba: mai kashe gobara da mai kwana a ofis su ake gani. A ofishinku ma wanda zai fara karya shirun ba ƙaramin ma'aikaci ba ne, kai ne ko mudir, da abin da ya faɗo muku ƙarfe goma. Ku amince tun yanzu cewa ku ma za ku rubuta shi a takarda ku jira sha ɗaya da rabi, kuma mai gadin ranar yana da izinin tuna muku ko da shi ne ƙarami a sashen.